Gani Ya Kori Ji? Dinozon Talabijin da Sawun Mayo Rai

  

Akwai wasu finafinai da suka cika wayoyi da talabijin a nan Garwa, waɗanda ake nuna wasu manya-manyan dabbobi da ake kira dinozo, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce dainoso. Ba ma maganar fim ɗin wasa irin Jurassic Park na 1993, wanda kowa ya san labari ne aka ƙaga don a tsorata mai kallo. Muna maganar shirye-shiryen ilimi ne, irin waɗanda aka saba nuna zaki da giwa a daji, wata murya tana bayani cikin natsuwa. Gidan BBC na Ingila ya yi irin wannan a 1999 mai suna Walking with Dinosaurs, ya sake yin wani a 2011 mai suna Planet Dinosaur, a 2022 kuma aka fito da Prehistoric Planet.

Ɗalibai sun rabu biyu a kan waɗannan shirye-shirye. Wasu sun ce ai ga shi muna gani da idonmu, gani ya kori ji. Wasu kuma sun ce ƙaryar Turawa ce daga farko har ƙarshe, babu wata dabba mai kama da haka da aka taɓa yi. A ganinmu duka ɓangarorin sun yi gaggawa, kuma abin da zai raba gardamar yana cikin darasin da muke ɗauka kowane mako, wato ilimin hadisi.

Mu fara da yadda ake yin fim ɗin. Idan aka nuna dorina a kogin Binuwai, to wani ne ya ɗauki kyamara ya tsaya bakin ruwa har ta ɗago kai. Dinozo kuwa masana sun ce ƙarshensu ya zo kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin ko ɗaya a raye. Abin da ya saura shi ne ƙasusuwa da haƙora da ƙwai da sawun ƙafa, duk sun koma dutse. Ana auna ƙasusuwan, a shigar da siffarsu cikin kwamfuta, a jera su. Sai a ɗora musu tsoka ta hanyar kwatanta su da kada da tsuntsaye, a lulluɓe da fata, a shafa launi, a sa dabbar ta yi tafiya. Dajin da ke bayanta sau da yawa na gaske ne, an je an ɗauko shi da kyamara, daga baya aka saka dabbar a ciki. Kukan kuma haɗi ne. Rurin da babban dinozon Jurassic Park yake yi, an harhaɗa shi ne daga muryar ɗan giwa da damisar Asiya da kada.

To ina matsalar? Ku tambayi duk wanda ya taɓa feɗe raƙumi, zai gaya muku babu ƙashi a cikin tozo, kitse ne zalla. Hannun giwa babu ƙashi, haka faffaɗan kunnenta. Da a ce raƙuma sun ƙare a duniya, bayan shekaru masu yawa wani ya tono ƙasusuwan guda ya ce zai zana shi, da wuya ya sa masa tozo. Wannan ita ce wahalar da masu yin fim ɗin dinozo suke ciki. Ƙashi yana faɗar wani abu, ya yi shiru a kan wani. Amma shi fim ba ya yarda da giɓi, dole dabba ta fito cikakkiya da ido da launi da murya, sai mai zane ya cike da abin da ya fi zato.

A nan ne karatunmu yake da amfani. Malamanmu sun koya mana cewa ba a karɓar labari don daɗin lafazinsa, sai an duba isnadinsa, wa ya faɗa, daga wa ya ji. Sun koya mana bambanci tsakanin yaƙini da zato. Idan muka ɗauki wannan ma'auni muka ɗora a kan fim ɗin dinozo, za mu ga abin da ke cikinsa hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne abin da hannu ya taɓa. Ƙasusuwan nan an tono su a Amurka da Sin da Ajantina da Masar da Nijar, mutane daban-daban, masu harsuna daban-daban, a zamani daban-daban, waɗanda ba zai yiwu su haɗa baki su shirya ƙarya ba. Wanda ya karanta sharaɗin labari mutawatiri ya san abin da wannan yake nufi.

Hawa na biyu shi ne ƙiyasi. Haƙori mai kaifi irin wuƙa na maciyin nama ne, mai faɗi na maciyin ganye. Tazarar da ke tsakanin sawu da sawu tana nuna ko tafiya dabbar take yi ko gudu. Wannan zato ne mai ƙarfi, yana da hujja, amma sabuwar hujja tana iya gyara shi.

Hawa na uku shi ne ado: yawancin launuka, kuka, da labarin da ake shiryawa, wai ga uwa tana neman ɗanta da ya ɓace, ga wani yana rawa don ya burge mace. Ko a nan akwai ɗan abin da aka gano. A 2010 masana sun binciki ragowar gashin wani ƙaramin dinozo na ƙasar Sin, suka gano cewa jelarsa tana da ratsi-ratsi ja da fari. Amma irin wannan kaɗan ne, sauran duk zaɓin mai zane ne.

Laifin da muke gani ga yawancin shirye-shiryen shi ne, mai bayani yana faɗar duka hawa ukun da murya ɗaya. Yadda zai ce tsawon ƙashin cinya kaza ne, haka zai ce dabbar tana kishi, ba tare da ya ce "muna zato" ba. Mai ruwayar da yake cakuɗa abin da ya ji da abin da ya ƙara daga kansa, mun san yadda malaman hadisi suke ɗaukarsa. Kuma an kama su da ƙari. A shirin 1999 an nuna wata dabbar teku mai suna Liopleurodon an ce tsawonta mita 25, alhali ƙasusuwan da aka samu suna nuna ba ta kai ko mita 10 ba.

Wani lokacin kuma ba ƙari ba ne, ilimin ne ya ci gaba. Spinosaurus, mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya, an fara tono shi a Masar a 1912, aka kai ƙasusuwan birnin Munik na Jamus, bom ya hallaka su a 1944 lokacin yaƙin duniya na biyu. Shekaru da yawa ana zana shi da dogayen ƙafafun baya da siririyar jela, haka ma aka nuna shi a shirin 2011. Sai wani masani mai suna Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka samu sababbin ƙasusuwa a Maroko. A 2014 suka nuna ƙafafunsa na baya gajeru ne, a 2020 suka nuna jelarsa faffaɗa ce kamar filafilin tuƙa kwalekwale. Wanda ya ce gani ya kori ji a 2011, me zai ce yanzu? Abin da ya gani ɗin ne aka canza.

To, sai mu juyo ga 'yan'uwanmu masu cewa duk ƙarya ce. Ba sai mun kai ku Amurka ba, amsar tana cikin jiharmu ta Arewa. A shekarun 1980 masu bincike daga Kamaru da Faransa da Amurka, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Joseph Victor Hell, sun samu sawun dinozo a jikin dutse a kwarin Kum da ke Mayo Rai, wajen Colire. An kuma samu wasu a yankin Figil, garin da muke ratsawa idan za mu Marwa. Yawancin sawun masu yatsu uku ne, na maciya nama. Lokacin da suka taka wurin laka ce a bakin ruwa, daga baya ta bushe, ƙasa ta rufe ta, ta zama dutse.

Abin mamaki bai ƙare ba. A 2024 wani masani Ba'amurke mai suna Louis Jacobs da abokansa suka kwatanta sawu fiye da 260 na Kum da na arewa maso gabashin Brazil. Suka tarar siffarsu kusan ɗaya, irin dutsen ɗaya, shekarunsu kuma kimanin miliyan 120. Yau tsakanin wuraren biyu akwai kusan kilomita 6,000 da tekun Atlantika. Bayanin shi ne, a wancan zamani Afirka da Amurka ta Kudu a manne suke, dabba tana iya tashi daga nan ta taka zuwa can da ƙafa. Ku ɗauki taswira ku dubi ƙusurwar Brazil da lungun tekun Gini, za ku ga kamar ƙwarya ce ta fashe biyu.

A Nijar kuma, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, an tono Nigersaurus, mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500, wanda yake kiwo kansa a ƙasa kamar saniya. A can ne kuma aka samu Ouranosaurus, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976, ƙasusuwansa suna gidan tarihi na Yamai. Shi ma yana da dogayen ƙasusuwa a baya, masana sun yi saɓani, wasu sun ce fata ce a shimfiɗe a kansu, wasu sun ce tozo ne. Kun ga maganar raƙumi ta dawo. Ƙashin tabbas ne, abin da ke kansa zato ne.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa junanmu ko da ba daɗi. Shekara da shekaru ana yaɗa wani hoto na ƙwarangwal ɗin ƙaton mutum, wani yana tono a gefensa, ana cewa wai ƙasusuwan Adawa ne aka gano a ƙasar Larabawa. Hoton nan an haɗa shi ne da kwamfuta a wata gasar haɗa hotuna a 2002. Amma sai ka ga mutumin da ya ƙaryata sawun da ke Mayo Rai, wanda zai iya zuwa ya sa tafin hannunsa a ciki, shi ne yake tura wannan hoton yana cewa a yaɗa don Allah. Labarin Adawa gaskiya ne domin Alƙur'ani ya ba da shi, ba ya bukatar hoton ƙarya ya tallafe shi. Ma'auni ɗaya ne, ko labarin ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Wasu suna tsoron cewa yarda da samuwar dinozo zai taɓa imaninsu. Alƙur'ani bai ƙayyade adadin shekarun duniya ba, bai kuma lissafa mana dukan dabbobin da Allah ya halitta ba. A Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu da tafiya a bayan ƙasa don duba yadda aka fari halitta, a Suratul Hujurat aya ta 6 kuma an umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Dabbar da ta fi giwa girma nesa ba kusa ba, ta yi zamaninta ta shuɗe, ba abin da ya rage sai sawu a dutse, ai wannan wa'azi ne ga mai girman kai. Idan kuma mai bayani ya bar maganar ƙashi ya shiga maganar da ta shafi aƙida, to a nan mu tsaya mu kai tambaya gaban malam. Haka batun hukuncin sura da zane, malamai suna da bayani a kai, su za a tambaya. Wanda kuma kallo ya sa shi jinkirta salla ko ya bar hadda, to wannan laifinsa ne, kada ya ɗora wa dinozo.

Shawararmu uku ce. Ta farko ga ɗalibai: idan za mu kalla, mu riƙa tambaya a kan kowane abu, wannan ƙashi ne, ƙiyasi ne, ko ado ne? Wanda ya saba da wannan tambaya, hoton ƙarya na siyasa ko na addini ma ba zai ruɗe shi da sauƙi ba, musamman yanzu da kwamfuta take iya sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ta biyu ga malamai da kwamitin iyaye: muna roƙo a duba yiwuwar kai ɗalibai ziyara Mayo Rai da rani. Abin kunya ne yaro a Garwa ya san sunan dinozon Amurka amma bai taɓa jin na jiharsa ba. Ta uku ga mu da za mu ci gaba da karatu: tun 2022 aka kafa jami'a a Garwa, kuma babu abin da ya hana mahaddacin Alƙur'ani ya karanta ilimin duwatsu. Dutsen da ke fili ruwa da rana suna cinsa a hankali, yana bukatar masu kula da shi da suka san darajarsa, kuma da ɗan gari akan ci gari.