Laifi Tudu Ne: Zanen Bayahude Da Kuɗin Banza

Kafin mu ci gaba da labarinmu, yau ga wani abu da ya tsaya mini a rai.

Kwanan baya a kasuwar 'Yar Kutungu a nan Katsina na ji wani yana ce wa mai shago, "Kai dai Bayahude ne," don kawai ya ƙi yi masa ragi. Sai na tuna da zanen barkwanci na Turawan Ingila na da.

A 1720 wani kamfani mai suna South Sea ya ruɗi mutanen Landan da alƙawarin riba. Hannun jarin da ake sayarwa fam 128 a Janairu ya kai wajen fam 1,000 kafin ƙarshen damina, sannan ya rushe, jama'a suka tsiyace. Sarki George na Ɗaya ne gwamnan kamfanin, ministan kuɗi John Aislabie kuma har ɗaure shi aka yi a 1721. A shekarar ne William Hogarth ya zana abin, ya sa Bayahude da malaman Kirista biyu suna caca a gefe. Shi dai ya raba laifin. Amma masu zane da yawa na bayansa sai suka mayar da Bayahude hoton mai cin riba, da lanƙwasasshen hanci da jakar kuɗi, kamar shi kaɗai ne mai kwaɗayi a Ingila.

To mu fa? Da MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, ko CBEX a Afrilu 2025, wa ya tilasta mana? Mu da ƙafarmu muka kai, har da kuɗin adashe da sarƙar zinarin mata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu marubuta ma da namu. Ni kaina na taɓa rubuta wani mugun ɗan kasuwa, na ba shi ƙabilar da ba tawa ba, don na san za a yi dariya littafi ya sayu. Yau ina jin kunyar hakan. Yaron da ya karanta zai tashi yana ƙin ƙabila guda, alhali macucin da zai cinye masa jari wataƙila sahu ɗaya suke sallah.

Mu zana macuci da halinsa, mu bar asalinsa. Allah Ya raba mu da kwaɗayi, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labari.