Sukuwa halal ce, tikitin PMU caca ne

Wani ya ce mini shi ba caca yake yi ba, nazari yake: nauyin da doki zai ɗauka, tsawon fili, ko ruwa ya jiƙa ciyawar Longchamp a Faransa. Ɗan'uwa, nazarinka bai sauya hukunci ba.

Annabi (SAW) ya sa an yi tsere daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, Ibnu Umar na cikin mahaya. Sukuwar Sallah a Damagaram babu laifi. Amma kuɗin tikiti tara su ake yi, kamfani ya cire rabonsa, a raba saura ga waɗanda suka ci. Jikkar da ka amsa ta wanda ya faɗi ce, wataƙila kuɗin hatsin iyalinsa. Wannan ne maisir na Ma'ida, aya ta 90.

Allah ya tsare mu.