Kada A Rataye Fartanya Da Kaka

Al'ada ce a ƙasarmu, da zarar ruwan sama ya ɗauke, an yanke gero, an girbe dawa, sai manomi ya rataye fartanyarsa, ya ce sai kuma baɗi in da rai. Ga mai gonar daji wannan daidai ne, domin ba shi da ikon shayar da eka biyar da guga. Abin mamaki shi ne, har mutumin cikin gari, wanda duk shukarsa ba ta wuce gindi uku na kuɓewa da kabewa guda mai bin katanga ba, shi ma sai ya bi sahu. Ya bar wurin ya bushe, kaji su mai da shi wurin birgima, shi kuwa ya koma sayen kayan miya har wata damina. 'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ni a ganina wannan asara ce babba, musamman ga mutanen Fagge da Sabon Gari a Kano. Ga mai lambun gida, kaka ita ce farkon shekara.

Mu fara duban yadda Allah ya tsara lokatai a Kano. Yawancin ruwan shekara yakan sauka tsakanin Yuni da Satumba, marka kuwa cikin Agusta. A wannan lokaci abin da ke jin daɗi shi ne kuɓewa, da rama, da yakuwa, da lalo, da kabewa. Tumatir da albasa ba su son yawan laima, sai ganyensu ya kamu da cuta, gindinsu ya ruɓe. Da bazara kuma, cikin Afrilu, zafin rana yakan kai digiri 38 ko fiye, furen tumatir ya kaɗe bai ƙulla ba. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ga rana wadatacciya, ga sanyin dare, har cikin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 ko 14 da asuba. Wannan shi ne abin da tumatir, da albasa, da latas, da kabeji, da karas ke bukata. Ashe watannin da muke barin ƙasa a banza su ne mafi albarka ga kayan lambu.

Manoman rani sun daɗe da sanin haka. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen Kadawa da Kura da Bunkure ba su san hutun rani ba, daga can ake lodin kwandunan tumatir zuwa kasuwar 'Yan Kaba, har zuwa Ikko. To, mai karatu ya ce, tun da ga shi ya yi araha da sanyi, ina amfanin wahalar da kai? Amsa biyu gare ni.

Ta farko, arahar nan ba ta da alkawari. Da sanyi kwando na nan kamar kyauta, kafin bazara ta ƙare ya gagari talaka. A 2016 kuma wata tsutsa ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, wadda manoma suka sa wa suna Sharon, ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta yi shelar ta-ɓaci a kan al'amarin. Wanda ya saba da tsinkar 'yan ganyaye a tsakar gidansa, yana kuma da busasshen kayan miya a ajiye, irin wannan shekara ba ta hana shi miya.

Ta biyu ta fi nauyi, don ta shafi lafiya. Ba dukan ganyen da ake sayarwa a Kano ke fitowa daga Kadawa ba. Rafin Jakara ya taso daga cikin birni, ya ratsa ta Fagge da gefen Sabon Gari, yana kwasar ruwan kwatami na gidaje, da na mahauta, da na kasuwanni. Can gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sa'an nan su zarce madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A bakin rafukan nan, wajen Kwakwaci da Gama Kwari, akwai lambuna na latas da kabeji da alayyafo waɗanda da wannan ruwa ake shayar da su. Masana na Jami'ar Bayero da waɗansunsu sun auna ruwan, sun sami ƙwayoyin cuta da guba irin ta ƙarafa, kamar dalma, a cikinsa. Ban ga laifin 'yan lambun ba, halal suke nema, kuma ba su suka ɓata rafin ba. Amma latas ɗanye ake cinsa, uwa kuwa da ta yanka wa 'ya'yanta ba ta san ruwan da ya sha ba. Abin da ka shayar da hannunka, ka san abin da ka ba shi.

Noma a cikin gari ba baƙon abu ba ne a Kano. Sa'ad da Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar da babban sashe na cikin ganuwa gonaki ne. A shekarun 1960 kuma Michael Mortimore, wani Bature masanin ƙasa, ya bayyana yadda mutanen ƙauyukan kewaye ke shigowa birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangaloli cike da taki. Watau kakanninmu sun ɗauki shara da toka da kashin dabbobi dukiya ce. Mu kuwa sai mu zuba su a magudana, su toshe ta, da marka ruwa ya shiga ɗakuna.

Na sani za a kawo uzuri uku, kuma ba na raina ko ɗaya. Na farko rashin fili. Fagge, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, asalinta zangon fatake ce, yau kuwa kantuna sun cinye ta, ga Kantin Kwari nan shaida. Sabon Gari, da aka yanka wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, gidajen haya ne ɗaki bisa ɗaki, tsakar gida duk siminti. Haka ne. Amma shuka ba ta tambayar faɗin gona, abin da take so ƙasa mai zurfin kamu ɗaya, da rana ta kamar sa'a shida. Tsohon buhu, da fasasshen bokiti, da tukunyar da ta tsage, duk fangali ne in an huda ƙasansu an cika su da ƙasa da taki. Buhu goma a jere gindin katanga ba su tare hanyar kowa ba. Maƙwabtanmu mutanen kudu da ke Sabon Gari sun riga mu gane wannan, sau da yawa za ka ga shuwaka ko ugu a bakin ƙofarsu cikin gwangwani.

Uzuri na biyu, gidan ba nawa ba ne. Amsarsa tana cikin ta farko. Ran da mai gida ya ce ka tashi, sai ka ɗora buhunanka a kura tare da sauran kaya.

Na uku shi ne mai ƙarfi, watau ruwa. Wanda ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa ba ya zuba wa ƙasa da son ransa. To, amma mu yi lissafi. Gida mai mutum 10, kowa na alwala sau 5, alwala 50 ke nan a yini, ruwan duk yana bin rariya. A ajiye kwano a wurin, a tara. A haɗa da ruwan wankin shinkafa, da na kayan miya, da na ɗaurayar kwanuka wanda ba maiƙo. Wannan ya isa buhu goma, har da saura. Sai dai a kiyaye abu biyu. Ruwan wanki mai sabulu da gishiri yana kashe ƙasa a hankali. Ruwan wanka kuma a kai shi gindin gwanda ko zogale, kada ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye. Na kwata kuwa ko kusa, don abin da muka guje wa ke nan tun farko.

Ga yadda aikin ke tafiya bisa ga watanni. Cikin Oktoba, da ruwa ya ɗauke, a tumɓuke tsofaffin kuɓewa da rama, amma a bar 'ya'ya mafi kyau su ƙosa, a shanya, a ajiye iri cikin kwalba da ɗan toka saboda ƙwari. Duk tsiron da ya yi cuta a ƙone shi. Sauran ganye a tara a lungu tare da kashin awaki da na kaji da tokar murhu, ana yayyafa ruwa, ana juyawa, har ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, saboda haka kada a yi gaggawa. A cikin watan ne kuma za a yafa irin tumatir da tattasai da albasa da latas a ɗan wuri mai inuwa kaɗan. Tumatir da latas sukan isa dashe cikin sati 3 ko 4, albasa sai ta yi kamar sati 6. Karas ba ya son dashe, inda zai zauna nan ake shuka shi. Alayyafo kuwa bai zaɓi lokaci ba, cikin wata guda an fara yanka.

Cikin Nuwamba a yi dashe, da la'asar sakaliya, domin tsiro ya kwana cikin sanyi kafin ya gamu da rana. Buhu guda, gindin tumatir guda. Mai haɗama da ya cusa huɗu, ganye zai girba.

Disamba da Janairu su ne watannin tsaro. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ba ta da laima ko kaɗan, tana shanye ruwan ƙasa da na ganye kamar yadda take fasa mana leɓɓa da dugadugai. Saboda haka a kafa darni na kara ko zana ta wannan gefe, shi ne kuma zai tare awaki da kaji. A rufe bisan ƙasar da busasshiyar ciyawa, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsa biyu, ana dubawa saboda gara. Wannan rufi shi ne rabin ban ruwa. A riƙa shayarwa da sassafe ko da yamma, a gindi, a ƙoshe, kuma kada a tsallake kwanaki, don tumatir in ya sha ƙishirwa sa'an nan aka cika masa ruwa, 'ya'yansa tsagewa suke yi. Ƙurar hazo takan lulluɓe ganye, sai a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta sau ɗaya a mako. A kafa wa tumatir sanda a ɗaure shi. Kowace safiya a ɗaga ganye a duba ƙarƙashinsa, in an ga tsutsa a tsince da hannu, in ƙwari sun yi yawa a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace, a yayyafa.

Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris sai cin moriya. Abin da ya yi saura kada a bari ya lalace. A yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, lawashin albasa a daka a yi gabu, tattasai a busar. Da zafin bazara ya kama, sai a bar buhunan su huta a inuwa, a mai da ɗan ruwan da ke akwai ga zogale, shi da ba ya gudun rani, har ruwan farko ya sauka a koma kan kuɓewa. Shekara ta kewayo ke nan, tukunya ba ta rasa ɗanyen ganye ba.

To, me ya sa na kawo wannan magana gabanku, ku da ba manoma za ku zama ba? Domin gobe kaɗan za a rarraba mu makarantu, waɗansunmu a Fagge, waɗansu a Sabon Gari. An sha yin kira ga noman gida. Ingila ta yi a 1939, da yaƙi ya ɓarke, har filayen shaƙatawa aka nome. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi a 1976, ta ce kowane gida da kowace makaranta su yi shuka. Amma lambun makaranta a wurinmu yawanci da damina ake yinsa, sa'an nan babban hutu ya faɗo a tsakiyar marka, yara su dawo cikin Satumba su tarar da ciyawa ta fi su tsawo. Yaron da ya yi noma bai ga girbi ba, abin da ya koya shi ne lambu horo ne. Lambun kaka kuwa tare da shekarar karatu yake farawa. Yaro ya yafa iri cikin Oktoba, ya dasa cikin Nuwamba, ya tsinka da hannunsa cikin Fabrairu ya kai wa uwarsa. Hutun Disamba gajere ne, 'yan kusa da makaranta sa iya karɓa-karɓar ban ruwa. A nan zai koyi awo, da lissafin kwanaki, da tsabtar ruwa, da haƙuri, waɗanda allo kaɗai ba ya koyarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tun muna makarantar allo malamanmu suka sanar da mu duk abin da mutum ya dasa, wani ya ci, ko da tsuntsu ne, akwai lada a ciki. Saboda haka roƙona ga hukumar wannan kwaleji, ta ba kowane aji ɗan wuri kusa da inda muke alwala, mu gwada daga kakar bana, kowane aji ya rubuta ranar shuka, da ta dashe, da yawan abin da ya girba, a buga a wannan mujalla kowa ya gani. Malamin da bai taɓa raya tsiro guda cikin hunturu ba, da wane baki zai umurci yara su yi? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu himmar rani. Amin.