Ra'ayinmu: A Auna Makarantun Kuki Da Karatun Ɗan Aji Uku

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati bai wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, ta bar gudanarwa a hannun hukumar SUBEB ta jiha da ofishin Sakataren Ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Manufar ba ta da aibi. Sai dai a duk lokacin da ake zayyano nasarori, ajujuwan da aka gina da kujerun da aka raba ake ƙirgawa. Wannan jarida na ganin ya kamata hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su ɗora komai a kan buri ɗaya: duk yaron da ya gama aji uku, a ƙauyen Kuki ne ko a cikin gari, ya iya karanta gajeren labari da Hausa ya faɗi abin da ya ƙunsa, ya kuma iya lissafa canjin cefane.

Mutanen Kuki sun daɗe da sanin wannan ma'auni. A makarantar allo, yaro kan durƙusa gaban malam ya biya karatunsa, in ya yi tuntuɓe ya koma ya sake, ba ya wanke allo sai abin ya zauna masa. A boko kuwa, zagayowar shekara kaɗai kan isa ta tura yaro aji na gaba, har ya kai aji shida yana kwafar abin da ke kan allon bango ba tare da ya san me ya rubuta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda kuma bai iya karatu a aji uku ba, duk darasin da zai biyo baya zai wuce shi.

Za a ce matsalar tsaro ta sha gaban komai, musamman tun sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. Haka ne, babu uban da zai tura ɗansa inda hankalinsa bai kwanta ba. Amma gwajin karatu shi ne zai nuna makarantun da fargaba ta cinye wa kwanaki, a san inda za a kai ɗauki. Za a kuma ce malamai sun yi kaɗan. Ƙaramar hukumar Dutsin-Ma da ke da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ba ta rasa masu takardar koyarwa ba. Abin dubawa shi ne yadda ake raba su tsakanin gari da ƙauye, da kuma inda ake tura ɗalibai masu koyon aikin malanta. Masu tsoron kada gwajin ya zama bulalar dukan malami su ma suna da hujja, don haka a riƙa haɗa sakamakon da adadin yara da na malamai da na littattafan kowane aji, kowa ya ga inda gizo ke saƙa.

Muna kira ga Sakatarorin Ilimi na ƙananan hukumomin biyu da su fara wannan gwaji a ƙarshen kowane zango, a gaban kwamitin kula da makaranta da mai unguwa, a liƙa sakamakon kowane aji a ƙofar ofishin hedimasta inda iyaye za su gani.