Kaset ɗin fili ya fi na situdiyo rai

Ranar da nake dawowa makaranta bayan hutun ƙaramar Sallah, na shiga mota daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Muna wuce Bakori direba ya soka mamori a rediyo, sai ga kalangun Shata. Ɗaukar fili ce, irin wadda za ka ji hayaniyar jama'a a baya, maroƙi na shelar wanda ya yi kyauta, wata mata ta rangaɗa guɗa. Wani dattijo da ke gaba, wanda tunda muka taso yake ƙorafin tsadar taki, nan take ya bar maganar ya fara kaɗa kai. Wani matashi kusa da ni ya cire abin kunnensa. Har muka isa, babu wanda ya ce a canja.

Ra'ayina ke nan: waƙar da aka ɗauka a gaban jama'a ta fi wadda aka haɗa a ɗaki armashi, kuma mu 'yan wannan yanki muna gab da barin tamu ta salwanta.

Me ke cikin ɗaukar fili da ba ya cikin ta situdiyo? Na farko, kasada. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya yi zamansa a Funtuwa, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take. Yana hango mutum ya shigo fili sai ya jefa shi cikin baiti, 'yan amshi su cafe, makaɗa su bi. Shi ya sa Bakandamiya ba iri ɗaya ba ce: ka saurari ɗauka biyu, za ka tarar an ƙara wani abu, an sauke wani. Mai sauraro yana jin cewa abin a gabansa ake gina shi, kuma zai iya rushewa. Wannan fargabar ita ce daɗin.

Na biyu, kayan kiɗan kansu. Kalangu ganga ce da ake matse tsirkiyarta a hammata, sautin ya hau ko ya sauka yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka. Makaɗi na iya gaida mutum da kalangu, wanda ya san kan abin ya gane. Idan fili ya yi zafi, kiɗan ya ƙara sauri da kansa, domin hannun mutum ne ke bugawa. Fiyano da kwamfuta kuwa, yadda ka saita su haka za su tafi har ƙarshe, ko an yi liƙi ko ba a yi ba.

Haka abin yake a wajen Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, 'yar Funtuwa, da matan da ke buga mata ƙwarya. Kiɗan amada na taron mata ne, biki da suna. Ka raba shi da shewa da tafi da dariyar matan da habaicin ya taɓa, rabin waƙar ka zubar.

Kada a ce ƙauyanci ne ke damuna. Ko a waje haka ne. Cikin waƙoƙin Bob Marley, sigar No Woman No Cry da duniya ta fi sani ita ce wadda aka ɗauka a gaban jama'a a Landan a 1975, taron mutane na rerawa tare da shi.

Na san abin da wasunmu za su ce a hostel. Sautin bai fita, kaset na shuu, waƙa ɗaya sai ta cinye rabin awa, kuma yawanci yabon masu kuɗi da sarakuna ne. Maganar sauti gaskiya ce, ba musu. Maganar yabo ma akwai ƙanshin gaskiya, sai dai mawaƙan situdiyo na yau su ma yabon suke yi, na 'yan siyasa. Bambancin shi ne tsohon kaset ya adana mana sunayen manoma, direbobi, mahauta da 'yan kasuwar garuruwanmu. Mutane nawa ne a wajen jihar nan suka san Habu ɗan Mama na Malumfashi ta hanyar waƙar Shata kaɗai? Wannan tarihi ne, ko da ba a rubuta shi a littafi ba. Ai ba a banza Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Barmani ta rasu a 2013. Ba za a sake ɗaukar ko baiti ɗaya daga bakinsu ba. Abin da ya rage na wasanninsu na fili, da yawa yana cikin kwalaye a ɗakunan iyayenmu da kakanninmu, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da laima. Ni kaina na buɗe kwalin kakana bara, na tarar da kaset bakwai sun manne, ba su ƙara juyawa. Ɗaya an rubuta masa sunan wani biki da biro. Wa ya yi wasan, me aka rera, shi ke nan ya tafi.

Saboda haka ina da roƙo uku ga 'yan'uwa ɗalibai da shugabannin ƙungiyarmu. Ɗaya, duk wanda zai je gida hutu, ya tambayi manya ko akwai tsofaffin kaset, ya karɓo aro da ladabi, tare da bayanin gari da shekara da bikin da aka yi. Biyu, masu karatun kwamfuta da injiniyan lantarki su juye su: rediyo mai kaset, igiyar sauti da laftof sun isa, kuma aikin ya fi wasu furojet ɗin da muke kwafa daraja. In za a yaɗa, a nemi izinin iyalan mawaƙan, haƙƙinsu ne. Uku, a makon ɗalibai mai zuwa, cikin kuɗin da ake ware wa DJ a gayyato masu kalangu da masu amada da ke raye a Funtuwa, Malumfashi ko Ƙafur, a biya su da mutunci, a kafa makirufo mai kyau a ɗauki wasan tun daga farko har ƙarshe, har da guɗar da hayaniyar.

Yankinmu ya iya ajiyar masara da dawa a rumbu har shekara ta zagayo. Wanda ke da kaset a gida, don Allah ya duba shi a hutun nan, kafin damina ta gaba ta ƙarasa shi.