DAGA BAKIN ZAURE: In Katin Banki Ya Ɓace, A Rufe Shi Kafin A Nemi Mai Laifi

Mun yi niyyar ci gaba da maganar kuɗin makarantar yara, amma wani abu da ya faru a unguwarmu ya sa muka ga ya fi kyau mu jingine ta tukuna.

Wata Hajiya ce, maƙwabciyarmu, mai sayar da atamfa, wadda ba za mu ambaci sunanta ba. Ran wata Juma'a da yamma ta taso daga Kejetia ta hau torotoro zuwa gida, ƙaramar jakarta tana cikin babbar jaka. Ba ta san ƙaramar ta yi ƙafa ba sai washegari da safe, lokacin da jikarta ta karanta mata saƙonnin da suka shigo wayarta cikin dare. Saƙo uku ne daga banki, kowanne yana cewa an cire kuɗi, jimla sidi dubu biyu da ɗari huɗu. Ta zazzage jaka, ba kati.

To, a nan ne aka yi kuskuren da ya sa muka ɗauki alƙalami. Hajiya ba ta iya na'urar ATM ba, ɗan wanta ne take aika ya ciro mata kuɗi, shi kaɗai kuma ya san lambar sirrinta. Saboda haka ba ta yi wata-wata ba ta sa aka kirawo shi. Yaro ya ce, "Wallahi Goggo rabona da katinki tun ran Talata da na dawo miki da shi." Ta ce, "In ba kai ba wa ya san lambar?" Kafin azahar dangi sun cika gida, ana maganar a kai shi ya dafa Alƙur'ani, wasu kuma suna cewa a je wurin malami ya duba. Aka wuni ana wannan, aka kwana, aka sake wuni. Babu wanda ya tuna da banki, wai ai Asabar da Lahadi ba a aiki. Kafin a je ran Litinin an ƙara cire kuɗi sau biyu.

Jama'a, banki yana rufe ƙofa ran Lahadi, amma sashen da ke kula da katuna ba ya barci. Bankunan da ke ba da kati suna da lambar waya ta gaggawa, kuma da yawansu suna barin mutum ya rufe katinsa da kansa ta wayar hannu, ko ta manhajar banki ko ta 'yan lambobin nan da ake dannawa da tauraro. Abin dariya, kuma abin takaici, shi ne lambar gaggawar galibi a bayan katin aka buga ta, watau ta tafi tare da shi. Don haka tun yau, kafin a ajiye wannan mujalla, kowa ya juya katinsa ya kwafe ta a littafi, ya kuma sa ta a waya. Rufe kati ba ya cin kuɗin da ke cikin asusu, kuma ba zargin kowa ba ne. In daga baya aka ga katin a ƙarƙashin katifa, iyakar asarar ita ce ɗan abin da za a biya a yi sabo.

In an kira, a rubuta rana da ƙarfe nawa, da sunan wanda ya amsa, a kuma nemi lambar shaidar rahoto. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Takardun nan masu ƙananan rubutu da muke sa wa hannu ba mu karanta ba, galibi abin da suke cewa shi ne, abin da aka cira kafin ka sanar da banki yana iya zama a wuyanka, wanda aka cira bayan ka sanar kuwa kana da bakin magana. Ke nan lokacin da aka yi kiran shi ne iyaka tsakanin kuɗinka da asararka. Da Hajiya ta kira tun safiyar Asabar, da cirewa biyun ƙarshe ba su faru ba sam.

Yanzu bari mu zo kan tambayar da Hajiya ta yi wa yaro, domin ita ce tambayar da kowannenmu zai yi: in ba wanda ya san lambar sirri ba, wa zai iya cire kuɗin? Amsar ita ce, duk wanda katin ya shiga hannunsa, in ya san hanya. Lambar sirri a na'urar ATM ake buƙatarta, da kuma yawancin na'urorin biya na kantuna. Amma sayayya ta intanet ba ruwanta da ita. Abin da ake nema shi ne doguwar lambar kati mai alƙaluma 16, da wata da shekarar da zai daina aiki, da 'yan lambobi uku na baya, dukkansu kuwa a jikin katin suke a rubuce. Wasu shagunan intanet sai an aiko wa mai kati wata lamba ta waya ya shigar kafin kuɗi su fita, wasu kuma, musamman na ƙasashen waje, ba sa tambaya. Bugu da ƙari, sababbin katunan nan masu alamar igiyar rediyo ana iya ɗora su kan na'urar kanti a biya ƙaramin kuɗi ba tare da danna komai ba.

Katunan ma ba ɗaya ba ne. Na Visa da Mastercard suna aiki a duk duniya, shi ya sa ɓarawo ke son su. Na gh-link na cikin gida ne. Shi kuwa e-zwich, wanda aka fito da shi a 2008, da zanen yatsa yake aiki, wanda ya tsince shi bai tsinci komai ba. Ya kamata mutum ya san wanne yake ɗauke da shi.

Mu muka raka Hajiya banki ran Litinin. Bayan an rufe katin muka nemi a buga mata takardar bayanin asusu ta wannan mako. Wannan takarda ita ce alƙalin farko, domin kowane layi yana nuna rana, da adadin kuɗi, da hanyar da suka fita: ko ta ATM ne kuma a wane wuri, ko ta kanti, ko ta intanet da sunan shagon. Muka duba layi biyar ɗin nan, babu ko ɗaya na ATM. Dukkansu sayayya ce ta intanet a wasu shaguna masu sunayen Turanci, biyu ma da dala aka yi lissafinsu. Watau babu wanda ya danna lambar sirri ko sau ɗaya. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Malam, kenan na ɗauki alhakin yaron nan?" Ba mu ce mata komai ba, don ta riga ta ba kanta amsa.

Da a ce takardar ta nuna ta ATM aka cira, da magana ta sake. A nan banki zai ce an yi amfani da kati na ainihi da lambar sirri daidai, sa'an nan ya tambaye ka ko ka taɓa gaya wa wani lambar. Mu kuwa a zango wa bai gaya wa wani ba? Tsoho ya ba ɗansa, ɗan kasuwa ya ba yaron shago, wata ta rubuta a takarda ta naɗe tare da katin don kada ta manta. Ba muna cewa a yi wa banki ƙarya ba, a faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba, amma a sani cewa wanda ya ba da lambarsa da hannunsa da wuya banki ya biya shi. Ko a nan ma bai kamata a yanke wa yaron gida hukunci ba, domin akwai masu leƙen hannun mutum a layin ATM. Na'urorin suna da kyamara, kuma ana iya neman a duba hoton wanda ya tsaya a gabanta a wancan lokaci. Sai dai ba a ajiye hotunan har abada, don haka a nema da wuri.

Daga banki sai ofishin 'yan sanda, a ba da rahoton ɓatan kati a karɓi takardar shaida. Mun san da yawa daga cikinmu ba sa son taka ƙafa can, wasu don tsoron tambayoyin da ba su shafi maganar ba. Duk da haka a daure, a tafi da wani mai ilimi in ana so, domin banki yakan nemi wannan takarda, kuma cin kuɗin mutum da katinsa sata ce da dokar laifuffuka ta 1960 ta tanadar wa hukunci. Akwai kuma Hukumar Tsaron Intanet, wadda aka kafa da Doka ta 1038 ta shekarar 2020, ana kiranta ko a aika mata saƙo ta lamba 292.

Koken da za a kai wa banki kuwa a rubuta shi, kada a tsaya ga faɗa da baki a gaban kanta. A jera kowace cirewa da ba a yarda da ita ba, da ranarta da adadinta, a haɗa da takardar 'yan sanda, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimi a ɗaya a komo da ita gida. A ƙa'idojin da Babban Bankin Gana ya fitar a 2017 kan koken abokan hulɗa, an ba banki kwana 20 na aiki ya warware magana, in bai gama ba ya sanar da kai ya ƙara kwana 10. In wa'adi ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana da damar ɗaukar takardunka ka kai ƙara Babban Banki, ba a biyan ko kwabo, daga can kuma kotu tana nan. Ga kuɗin da aka kashe ta intanet da Visa ko Mastercard, bankinka ne zai tuntuɓi bankin shagon ya nemi a dawo da su, kuma wannan hanya tana da wa'adi da galibi bai wuce kwana 120 ba, wani bankin ma nasa ya fi haka gajarta. Mai cewa bari in dawo daga fatauci tukuna, yana iya dawowa ya tarar an rufe ƙofa.

Akwai wata matsala da ta fi damun mutanenmu fiye da sauran jama'a. Tun daga 1 ga Yuli 2022, Ghana Card ne shaidar da bankuna ke karɓa. Wasu dattawanmu da ba su samu nasu ba, ko suka gaji da bin layi, sai suka riƙa ajiya a asusun ɗa ko ƙane. Ranar da kati ya ɓace, banki ba zai saurari mai kuɗin ba, sai wanda sunansa ke kan asusun. In shi kuma yana Tamale ko ya tafi ci-rani, shi kaɗai zai iya kira a rufe. Wanda ke cikin wannan hali ya yi ƙoƙari ya gyara takardunsa, kafin nan kuma ya tabbata mai sunan ya san lambar gaggawa kuma ana samunsa a waya.

Saura abu ɗaya. Kwana biyu bayan an rufe katin, wani ya kira Hajiya da murya mai daɗi, ya ce daga banki yake, an kama ɓarawo, za a maido mata da kuɗinta yanzu-yanzu, ta karanto masa lambar da za ta shigo wayarta kawai. Allah Ya taimaka jikarta tana kusa, ta karɓe wayar ta kashe. A cikin jakar da aka sace akwai rasit mai lambar wayar Hajiya, ga inda ya samo ta. Ma'aikacin banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambar da aka aiko ta saƙo, ko a waya ko a gabansa. In an kira ka haka, katse, ka kira bankin da kanka ta lambar da ka sani. In kuwa har da wayar aka sace, a je kamfanin waya a rufe layin a ranar, domin saƙonnin banki da asusun MoMo duk ta layin suke bi.

Bayan mako bakwai an maido wa Hajiya kuɗin cirewa uku daga cikin biyar, sauran biyun ana kan bincike har lokacin da muke wannan rubutu. Ta karɓi sabon kati, ta sa an toshe masa hanyar sayayya ta intanet tun da ba ta yin ta, kuma jikarta ta manna 'yar takarda a kan lambobin nan uku na baya. Yaron kuwa tun daren Lahadin nan ya haɗa kayansa ya tafi wurin kawunsa a Techiman. Hajiya ta aika masa sau biyu, ta biyun ma da mahaifinsa. Ya ce ya yafe, a gaida Goggo, amma ya sami aiki a can.