Bello da Bello ba lallai 'yan'uwa ba ne

Kwana biyun nan ina ta ganin matasanmu suna ɗora abin da suka samo daga shafukan binciken asali na Turawa, irin waɗanda za ka rubuta sunan gidanku su zubo maka tsofaffin takardu masu ɗauke da sunan. Mutum ya rubuta Bello ko Dikko ko Abubakar, ya ga jerin takardu, shi ke nan ya hau murna wai ya gano danginsa. Wasu har kuɗi suke biya. Abin ya fi kama da wasa, amma akwai magana babba a ƙarƙashinsa, kuma ta shafi fansho da gado da sarauta, shi ya sa na ce bari in ɗan tofa.

Da farko, me ya sa abin yake yi wa Bature aiki? A Ingila sunan gida ya zama abin gado tun wajen shekara ɗari shida da suka wuce. Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa da kanta. Daga 1841 ƙidayarsu ta fara ɗaukar sunan kowane mutum a kowane gida, kuma a Janairun 2022 suka buɗe takardun ƙidayar 1921 ga mai son dubawa. Har ƙungiya gare su tun 1979 ta mutanen da kowannensu ya ɗauki sunan gida guda ɗaya yana bin sawunsa a takardun duniya. To ka ga suna ya tsaya cak, takarda kuma tana nan. Duk da haka su ma sun san Smith da Smith ba dole jini ɗaya ba ne, don ma'anar sunan maƙeri ce kawai, kuma kowane ƙauye da maƙerinsa.

Mu fa? Mu sunanmu tafiya yake yi. Ni ɗan wane ne, ɗana zai ɗauki sunana, jikana ya ɗauki na ɗana. Cikin zuriya uku sunan kaka ya fice daga takarda gaba ɗaya. Sannan da boko ya zo, aka tara Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji ɗaya, sai aka bambance su da sunan garinsu. Daga nan muka samu Aminu Kano, wanda mahaifinsa Malam Yusufu ne. Shehu Shagari mahaifinsa Aliyu, Shagari garinsu ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa mahaifinsa Yakubu. Sa'adu Zungur, Isa Kaita, Yahaya Gusau, duk layi ɗaya ne. Yo idan ka rubuta Kano a injin bincike a matsayin sunan gida, ai kai da rabin birni kun zama gida ɗaya.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Sardauna. A Kwalejin Katsina ana kiransa Ahmadu Raba ne. Mahaifinsa Ibrahim, kakansa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, shi kuwa Bello da duniya ta san shi da shi kakan mahaifinsa ne, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu. A 1934 ya zama hakimin Raba, a 1938 aka naɗa shi Sardauna. Ke nan mutum ɗaya ne, amma mai bibiyarsa a takardu sai ya neme shi da Raba, ya neme shi da sarauta, sannan ya neme shi da Bello. Idan har Firimiyan Arewa sukutum zai iya ɓace wa mai nemansa da sunan gida, ina ga kakanka da ke noma a ƙauye? Haka Abubakar Imam da wansa Bello Kagara mai Ganɗoki: uba ɗaya, amma a kan kantar laburare ɗaya yana ƙarƙashin Imam, ɗaya yana ƙarƙashin Kagara. Ta ɗaya gefen kuma, tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari sunan yankansa ke nan, mahaifinsa Adamu. Duk wani Buhari da ke Arewa takwara ne kawai.

Akwai dai gidajen da suna ya zauna musu, irin Ɗantata a Kano da 'Yar'aduwa a Katsina. Amma ka ƙirga su ka gani, nawa ne?

Ga kuma matsalar rubutu. Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, sai ka ga Muhammadu ɗaya da fuska uku ko huɗu a fayil-fayil. Ka ƙetara Maraɗi ko Damagaram, Usman ya koma Ousmane, Yusufu ya koma Issoufou, alhali wa da ƙani ne iyaka ta ratsa tsakaninsu. Sojojinmu da suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu suna ɗaya da sunan gari aka rubuta musu. Sai kuma alkunya, wadda kwamfuta ba ta san da ita ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka san sunan yankan kakarsu? Inna ce, Goggo ce, Hajiya Babba ce. Wanda aka sa wa sunan kakansa ya tashi a matsayin Abba ko Baba har ya tsufa. Ɗanjuma da Talatu da Balarabe kuwa rana ce ta ba su suna, ba dangi ba.

Kada wani ya ce ai mu ba mu da takardu. Muna da su. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, tana da reshe a Kaduna cike da fayilolin lardunan Arewa. Ga Arewa House da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna (shi ma ga Smith nan, kuma ba na jin ya taɓa riƙe guduma). Ga hukumar tarihi ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, ga ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai tsarin takardun mulkin mallaka na lardi ne da gunduma da batu. Rahoton kimanta haraji, bayanin gunduma, naɗi da tuɓe hakimai, shari'o'in kotun alƙali. Wanda zai shiga can sai ya tafi da sunan gari, da sunan hakimin zamanin, da ƙiyasin shekara. Wanda ya tafi da "sunana Abubakar" zai dawo hannu rabbana.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne nan. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin tantancewa ya san irin fayilolin da nake nufi. Dattijo ya yi wa gwamnati aiki shekara 35. Takardar firamare tana ɗauke da sunan garinsu, takardar ɗaukar aiki da sunan mahaifinsa, banki kuma da sunan kakansa don shi ya riƙe shi. Kwamfuta ta ce mutum uku ne. Sai a tura shi kotu ya yi rantsuwa, ya buga a jarida, ya jira wata da watanni kafin a sake masa haƙƙinsa. Bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba wallahi, duk sunayen nasa ne. Tun daga Disambar 2020 da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN, wannan wahala ta fito daga ofis ta shiga kowane gida.

Haɗari na biyu ya fi wannan. Mutum ya ci karo da sunan wani Dikko ko wani Magaji a tsohuwar takarda, ya ɗauki hoto, gobe ya ce kakansa ne, jibi ya shiga neman sarautar gari ko rigimar gona da ita a hannu. Takarda mai tambarin Bature tana da kwarjini a wurinmu, ba kowa zai tsaya ya tambayi Dikkon wane gari, ɗan wa, a wace shekara ba.

Ni ban ce a yi watsi da akwatin sunan gida a fom ba, ya riga ya zauna. Hasali ma mu ne zuriyar farko da sunanta zai daskare, abin da muka rubuta wa 'ya'yanmu a NIN shi jikokinmu za su gada. Don haka a daina barin mai shagon intanet yana zaɓa wa yaro suna a gurguje, yau sunan uba, gobe na kaka, 'yan uwa ciki ɗaya kowa da nasa. Maigida ya zauna ya tsayar da ɗaya.

Gwamnatocin jihohinmu kuwa, idan za su sa kuɗi a mayar da waɗannan takardu cikin kwamfuta, kuma ya kamata su sa tun takardun ba su gama rududdugewa ba, to kada su kwafo fihirisar Turawa mai akwati biyu. Tamu tana buƙatar gurbin suna, uba, kaka, laƙabi, sarauta ko sana'a, gari da unguwa, da duk sigogin da aka rubuta sunan a boko da ajami. Muna da ɗaliban tarihi da na Larabci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da za su iya aikin, kuma da yawansu zaman jiran aiki suke yi.

Wanda kuma Allah ya bar masa tsoho ko tsohuwa a gida, ya ɗauki waya a ƙarshen makon nan ya naɗi muryarsu suna jero wane ɗan wane, daga ina aka taso, wane sarki ke kan gado lokacin. A tambayi tsofaffin mata musamman, su ne suka fi riƙe wa ya auri wa. Idan alkunya ta hana ta faɗin wani suna, a kira ƙanwarta ko maƙwabciyarta ta faɗa.